Koren ruwan cin fanel ba na zubarwa ba ne

1/ Yau da faɗa na zo, kuma da 'yan'uwana masu haɗa kayan lantarki zan yi shi. Maganar doguwa ce. Wanda cajinsa ya kusa ƙarewa ya ajiye ta sai ya samu wuta, amma don Allah ya dawo ya karanta har ƙarshe kafin ya zage ni.

2/ Shekaranjiya wani bidiyo ya yi ta yawo a guruf ɗinmu. Matashi ne, kuma wallahi hannunsa na da kyau. Ya zana layukan fanel, ya jefa cikin ruwan asid, jan ƙarfe ya narke, layuka suka fito tsaf. Daga nan ya ɗauki robar, ya leƙa ƙofar shago, ya sheƙa koren ruwan a kwata. Jama'a sai tafi suke.

3/ Na rubuta masa a ƙasa: malam, abin da ka zubar ya fi fanel ɗin da ka yi daraja, kuma guba ka zuba wa unguwa. Amsar farko da na samu ita ce "ɗan ƙauye ya zo koya mana kimiyya". Wani ya ce in koma kiwon tumaki. To na gode. Tumakin ma suna cikin maganar, za mu zo kansu.

4/ Eh, ɗan ƙauye ne ni. Horo Birni, ƙaramar hukumar Shagari. In transisto ɗaya ya gagare ni, sai na shiga mota na bi ta Bodinga zuwa Sakkwato. In babu a can, in aika Sabon Gari a Kano in zauna jira. Wanda ke rayuwa haka ba ya zubar da abin da zai iya sake amfani da shi.

5/ Ga waɗanda ba 'yan harkar ba: fanel shi ne allon nan da ke cikin rediyo, caja, fanka ko fitila mai caji, wanda ake like ƙananan kaya a kansa. Sabonsa yana zuwa da shimfiɗar jan ƙarfe mai kaurin maikuron 35, bai kai silin gashi ba. Aikinka ka bar layukan da wuta za ta bi, ka cire sauran.

6/ Sai ka rufe layukan da tawada. Wasu da maka suke zanawa, wasu su buga a firinta mai leza su manna da dutsen guga. Ni na gawayi nake amfani da shi, kuma yana yi. Bayan nan sai a tsoma a ruwan da ke cin jan ƙarfe. Duk inda tawada ta rufe ya tsira, sauran ya narke. A kan ruwan nan rigimarmu take.

7/ Iri biyu muka sani. Akwai ferik kuloraid, ruwan ƙasa-ƙasa mai ɓata riga har abada, wanda in ya gaji farfaɗo da shi a gida wahala ne. Akwai kuma haɗin da YouTube ya yaɗa: asid haidurokulorik, wanda masu tayil ke wanke siminti da shi, da haidurojin ɗin wanke ciwo na kemis. Shi ne na cikin bidiyon.

8/ Ga inda masu bidiyo suka ɓata mana yara. Sun koya musu cewa haidurojin ke yin aikin. Gaskiya ne, a ranar farko. Amma haidurojin ba ya daɗewa cikin ruwan da ke da jan ƙarfe, kafin gobe ya mutu. Yaro ya dawo ya jefa fanel, ya ga babu kumfa babu sauri, sai ya ce ruwa ya lalace, ya zubar, ya sayi sabo.

9/ Alhali koren da ya gani shi ne dukiyar. Sunansa kufrik kuloraid, CuCl2, kuma shi da kansa yana cin jan ƙarfe, ba ya buƙatar haidurojin:

Cu + CuCl2 → 2CuCl

Wato jan ƙarfen da ya riga ya narke shi ke narkar da ɗan'uwansa. Duk fanel ɗin da ka ci, ka ƙara wa ruwanka jari.

10/ Za ka ce to me ya sa yake gajiya? Saboda wancan CuCl da ya samu ba ya cin komai, shi ke mayar da ruwan baƙi-baƙi. Amma da ya haɗu da iska da ɗan asid sai ya koma yadda yake:

4CuCl + 4HCl + O2 → 4CuCl2 + 2H2O

Iska fa. Wadda kake shaƙa kyauta. Ita ce abincinsa.

11/ Wanda ya taɓa tsayawa a marina, ko ta Ƙofar Mata a Kano ko ta garinsu, ya san wannan. Marini na ciro zane daga rami yana kore-kore, ya ɗaga shi a iska, a gabanka ya koma shuɗi. Iska ce ta ƙarasa rinin. Kuma ba ka taɓa ganin ya kwashe ramin baba don ya rina zane ɗaya ba.

12/ Yana motsa shi, yana duba kala da kumfa, yana ƙara abin da ya rage. Ranar da ramin ya mutu ma, katsin da ya kwanta a ƙasa ba a jefar da shi: a busar, a ƙona, ya koma aiki, har cikin lason da ake shafe gini da shi. Kakanninmu ba su san sunan oksijin ba amma sun san tattalin ruwan sana'a. Mu da muka yi boko mun koma 'yan sheƙawa a kwata.

13/ Yanzu lissafin guba, tunda an ce surutu nake. Ruwan da ya ƙosa yana ɗauke da kamar giram 120 na jan ƙarfe a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar jan ƙarfe a ruwan sha miligiram 2 a lita. Raba 120,000 da 2. Lita ɗaya tak sai ta samu lita 60,000 na ruwa mai kyau kafin ta sauko iyakar.

14/ Lita 60,000 jarka 2,400 ke nan, irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa. Ko sabon haɗin da ya ci fanel ɗaya kawai, mai giram 2 ko 3, yana buƙatar jarka 40 zuwa 60. Kuma jan ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ɓawon mangwaro. Inda ka zuba shi yana nan, sai dai ruwan damina ya ja shi fadama, tafki ko gefen rijiya.

15/ Kifi ya fi mu rauni nesa ba kusa ba, abin da bai kai miligiram ɗaya a lita ba yana kashe iri da yawa. A dabbobin gida kuwa tunkiya ce ta fi kowa rashin jure jan ƙarfe. Yana taruwa a hantarta a hankali, tana kiwo lafiya lau, rana ɗaya ta kwanta, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja. Tambayi duk likitan dabbobi.

16/ Kar ku ɗauka waliyyi ne ke muku wa'azi. Ni ma na yi. Farkon koyona, na gama cin fanel ɗin wata 'yar fitila, na zaga bayan ɗaki na juye ruwan a gindin dogon yaro, daidai inda ake ɗaure tumakin Inna. Ƙasar ta bushe ta yi kore-kore da gishiri-gishiri a sama. Kun san tunkiya da lasar gishiri.

17/ Da la'asar Baba ya kira ni. Yana tsaye, tunkiya mai ciki na ta lasar wurin. Ya ce, "Kai, mi kaz zuba nan da bisashe ka lasa?" Na yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Wagga sana'a taka, ran da tak kashe man bisa, ran nan ta ƙare." Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

18/ Na kwance tumakin, na ɗauko shebur na kwashe ƙasar wurin har kusan kamu ɗaya, na ɗure a buhu. Sati biyu ina leƙa idon tunkiyar nan kullum safe. Allah ya kiyaye ta haihu lafiya. Tun ranar ko cokali ɗaya ban sake zubarwa ba. Ruwan da nake aiki da shi yau jikan wanda na haɗa a watan nan ne.

19/ Mu 'yan wannan yanki bai kamata a tuna mana ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma. Dalili: ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, inda yara ke rarrafe. Likitocin MSF suka gano abin.

20/ Kar wani ya ce na haɗa jan ƙarfe da dalma. Dalma ta fi muni ƙwarai. Halin ne iri ɗaya: a shigo da aikin kemikal tsakar gida, a ce ai ɗan kaɗan ne. Kuma kar mu manta, wayar likin da muke narkarwa kullum, mai rubutun 60/40, kashi 40 ɗin nan dalma ce. Wanke hannu kafin ka sa shi a tuwo.

21/ To na gama faɗa kashi na farko. Ga yadda ake kafa ruwan a riƙe shi. Kayan aiki: asid haidurokulorik mai ƙarfin kusan 30%, haidurojin 3%, wayar jan ƙarfe, safar hannu ta roba, tabarau mai rufe gefen ido. In haidurojin ɗinka 6% ne, sirka shi da ruwa daidai wa daida. A waje ake yi, iska na kaɗawa daga bayanka.

22/ Gargaɗi tun kafin ka je kasuwa: ruwan batir ba shi ba ne. Wancan salfiyurik ne, wani asid daban. In mai shago ya ce "ai duk asid asid ne", gaishe shi ka wuce. Nemi wanda aka rubuta HCl a jikinsa, kuma kar ka kai hanci bakin jarka don tabbatarwa.

23/ Awo: haidurojin kashi 2, asid kashi 1. Misali mililita 200 da mililita 100. Haidurojin ake fara zubawa a roba, sannan a tsiyaya asid a kansa a hankali. Kullum asid ke zuwa wurin ruwa. In ka juya tsarin zai yi zafi ya yi tsartuwa, kuma fuskarka ce mafi kusa.

24/ Sai ka ciyar da shi. Wayar 2.5 ta wayarin gida, in ka feɗe ta, mita ɗaya tana da kamar giram 22 na jan ƙarfe. Ita ta ishi wannan awon a farko. Yanka gunduwa-gunduwa, riƙa jefawa kaɗan-kaɗan. Zai yi kore, ya yi duhu, ya tsaya. Kar ka tsorata, yunwar iska yake ji. Kafa shi na iya ɗaukar kwanaki.

25/ Hattara da wayar bogi. Kasuwa cike take da wayar alminiyom ko ƙarfe da aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama. Kankare ta da wuƙa: in cikinta fari ne, ajiye. Kai mata maganaɗisu: in ta kama, ajiye. Alminiyom in ya faɗa ruwan nan tafasa yake da zafi da hayaƙi, ya kuma lalata maka haɗin gaba ɗaya.

26/ Ba shi iska: ƙaramin famfon da ake sa wa kifin ado, akwai mai aiki da USB, fawa bank ko ƙaramin sola na ɗaukarsa. Sa siririyar roba, toshe bakinta, huda ta da allura wuri goma, kwantar da ita a ƙasan ruwan. Famfon ya zauna sama da ruwan. In yana ƙasa, ranar da wuta ta ɗauke ruwa zai biyo roba ya cinye shi.

27/ Ba ka da famfo? Zuba ruwan rabin jarka, rufe, girgiza, buɗe ya sha sabuwar iska, maimaita. Ko ka riƙa juya shi daga roba zuwa roba kamar mai fifita koko. Yana ɗaukar lokaci amma yana yi. In kana sauri, murfi ɗaya na haidurojin zai dawo da koren nan take a gaban idonka.

28/ Sai dai haidurojin 3% kusan duk ruwa ne, kashi 97. Kullum ka dogara da shi kana tsinka haɗinka. In kuma ka zuba da yawa lokaci ɗaya, za ka ji warin bilic: iskar kulorin ce ke tashi, matsa ka bar wurin. Shi ya sa nake cewa iska ce abinci, haidurojin maganin gaggawa ne.

29/ Karanta ruwanka kamar yadda marini ke karanta rami. Ɗiga ɗigo ɗaya a farin tayil.
Kore garau kamar ɗanyen ganye, kana hango tayil ta ciki: lafiya lau.
Kore mai duhu kamar miyar kuka: ya fara gajiya.
Ruwan ƙasa ko baƙi, ba ka ganin komai: ba shi iska kafin ka sa wani fanel.

30/ Gwaji na biyu: ɗiga kaɗan a ƙaramin kofin ruwa. In ya yi farin gajimare kamar an ɗiga nono, CuCl ya taru, iska yake so. In ya baje ya zama shuɗi-shuɗi garau, ya farfaɗo. Kofin nan na aikin ne kaɗai har abada, kuma ruwan gwajin a mayar da shi cikin jarka.

31/ In ka ba shi iska har ka gaji amma ya yi gurɓi-gurɓi, da laka mai hasken kore a ƙasa, ko fanel na fitowa da farin danƙo a kan jan ƙarfen, asid ne ya ƙare. Ƙara murfi ɗaya, motsa da tsinken roba, jira. Maimaita har ya washe. Ɗan gishirin girki ma yana taimaka wa farin nan ya narke.

32/ Nawa ne cinsa? Fanel mai santimita 10 a kan 10, fuska ɗaya, jan ƙarfensa duka kamar giram 3 ne. Kowane giram na cin asid mililita 3 da ɗan ɗori. Wato fanel guda bai wuce ƙaramin cokali biyu ba, mililita 10. Mai sabon haɗi kullum yana kashe mililita 100 da kwalaben haidurojin a kan aikin mililita 10. Wa ye ɗan ƙauyen a nan?

33/ Kauri: je wurin mai cajin batir ka ga gilashin nan mai roba a kai da yake zuƙo ruwan batir ya duba. Sayi naka daban. Ruwanmu ya fi aiki tsakanin 1.2 da 1.3. Ƙasa da haka, bar shi ya ci ƙarin waya. Ya haura 1.3, ƙara ruwa da ɗan asid. Ruwan ɗaurayen farko na fanel shi nake ƙarawa, don kar ko shi ya tafi ƙasa.

34/ Yanayinmu na da nasa hukuncin. A Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, ruwan na ci da sauri, fanel na fita a minti 15 zuwa 20 in ina jijjiga robar. Amma ruwa da asid na tsere wa sama, sai a yawaita duba kauri. Lokacin hunturu kuwa sanyi na sa shi nawa: ɗora robar cikin baho mai ruwan ɗumi, rufe saboda ƙura.

35/ Ma'aji: roba mai kauri, duba gindinta ka ga lamba 2 ko 5, da murfin roba. Banda ƙarfe kowane iri, har cokalin silba. Banda gorar lemo ko ta ruwan sha, har abada. Koren ruwa a gorar lemo, a gidan da yara ke yawo cikin zafin Sakkwato? Rubuta GUBA da boko da ajami, sa a akwati mai kwaɗo.

36/ Kar ka ajiye shi ɗaki ɗaya da kayan aikinka. Tururin asid na fita ko da murfi, cikin 'yan makonni filaya, sukundireba da bakin mita duk su yi tsatsa. Kar ka ɗaure murfi tamau bayan ka sa haidurojin, jarka na iya kumbura. Kuma kar ya kusanci bilic ɗin wanki. Haɗuwarsu kulorin ce zalla, tana kai mutum asibiti ko kabari.

37/ In ya fallatsa a ido: ruwa mai yawa, minti 15 ba tsayawa, sannan asibiti. A fata: cire rigar, wanke sosai. In yaro ya sha, Allah ya kiyaye, kar a ɗura masa manja, kar a sa shi amai, asid ɗin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. A kurkure baki, a ɗauki jarkar, a nufi asibiti.

38/ Matsalar ruwan nan ɗaya ce: ƙaruwa yake. Wata rana zai fi ƙarfin jarkarka. Zaɓi na farko, ba wani mai koyo rabin lita tare da bayanin nan, kamar yadda ake ba maƙwabciya ɗan kindirmo ta kafa nata. Ka hutar da shi kwanakin kafawa.

39/ Zaɓi na biyu, kashe shi yadda ya dace. Bokitin roba a waje, nesa da wuta da sigari don iskar da ke fita na kamawa. Sirka da ruwa ninki uku, zuba tsofaffin ƙusoshi, rufe da raga. Cikin kwanaki jan ƙarfen zai sauko ya zama jar laka. Gwaji: tsoma sabuwar ƙusa mai ƙyalli. In ta fito ba ja a jikinta, an gama.

40/ Tace jar lakar, jan ƙarfe ne, tara wa 'yan gwangwan. Ruwan da ya rage, barbaɗa masa dakakkiyar kanwa kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa. Kanwar miya dai, ita ke kashe asid. Bar shi a rana inda dabba ba ta kaiwa ya bushe ƙurmus, kwaɓa busasshen da siminti ya zama dutse. Rana dai ba mu da ƙarancinta.

41/ Saura masu cewa "wa ke cin fanel a gida yanzu? Tura China a buga maka." Na sani, kamfanonin Shenzhen irin su JLCPCB na tallar fanel 5 a dala 2, kuma aikinsu ya fi nawa kyau. Ni ma in zane ya tabbata, ko layukansa sun yi siriri da yawa, can ya dace ya je.

42/ Amma dala 2 kuɗin bugawa ne, kuɗin jirgi daban, kuma ya ninka shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024. Sannan ka jira makonni, ya iso Kano ko Sakkwato, ka je ka ɗauko, ka tarar ka juya ƙafar transisto ɗaya. Ni kuskurena na safe kafin la'asar na gyara shi.

43/ Abin dariyar ma, shiga irin waɗannan masana'antu ka ga da me suke cin jan ƙarfe. Kufrik kuloraid na cikin manyan ruwan da suke amfani da su, a injin da ke farfaɗo da shi ba tsayawa, suna kuma kwashe rarar su ciro jan ƙarfen su sayar. Su da ke da kuɗi ba sa zubarwa. Sai mu.

44/ Masu cewa "asid ba abin wasan yaran ƙauye ba ne, ku bari": na ji tsoronku, kuma da gaskiyarku rabi. Amma fetur na cikin gorar lemo a bakin kowane titi, maganin feshi na ƙarƙashin gado a gidan kowane manomi. Hana yaro sani ba ya hana shi taɓawa. Zai kalli bidiyon minti ɗaya ya yi a ɓoye, ba tabarau, a ɗakin da ƙannensa ke kwana.

45/ Paul Eisler, wanda ake danganta ƙirƙirar fanel da shi, injiniya ne ɗan Ostiriya da ya tsere zuwa Ingila, ba aiki ba kuɗi, ya haɗa rediyo a kan irin wannan allo wajen 1936. Abin da ke cikin kowace waya a yau a hannun mai ƙaramin ƙarfi ya fara. Don haka zancen ƙauye ku ajiye shi gefe.

46/ Abin da nake nema wurin masu bidiyo kaɗan ne. Kun iya nuna yadda ake haɗawa, ku ƙara minti ɗaya ku nuna inda ruwan ya kwana. 'Yan furojet na foli da jami'a, ku da kuke cin fanel ɗaya a shekara, ku haɗa jarka ɗaya ta ajinku ku bar wa 'yan baya. Malamai, ku tambayi ɗalibi ina ya kai ruwan kafin ku ba shi maki.

47/ Kai kuma ɗan'uwa mai bidiyon, ban ambaci sunanka ba kuma ba zan ambata ba. Hannunka ya fi nawa a zane, na faɗa a gaban kowa. In hanya ta kawo ka wajen Shagari, zo da jarka mai lamba 2 a gindi, in tsiyaya maka rabin lita na tsohon ruwana kyauta. Da tsohuwar zuma ake magani.

48/ Wanda ke da ruwa a ajiye yanzu, ya ɗiga a farin tayil ya ɗauki hoto ya sa a ƙasan nan, in faɗa masa ko iska yake so ko asid. Zan duba bayan isha'i in sabis ya yarda. Tunkiyar Inna dai tana nan, ta yi haihu uku tun daga lokacin, kuma har yau in na ɗauko jarkar Baba sai ya bi ni da ido.